Tsirkiyar 9 ko ta 10: wacce ta dace da mai koyon jita mai lantarki a ƙasar zafi da ƙura

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafin Garwa ya kai inda mutum ba ya iya dafa ƙofar ƙarfe da tsakar rana, ɗan ƙanwata ya shigo gidana da jita a goye, ya kwantar da ita a kan tabarma, ya ce: "Kawu, ko dai jitar nan ta lalace, ko kuwa hannuna ne ba na kiɗa ba." Watansa uku ke nan da fara koyo. Da na ɗaga ta na duba ta gefe, sai na ga tsirkiyoyin sun yi nesa da wuya har tsinken ashana biyu a haɗe suna wucewa ƙarƙashinsu ba tare da sun taɓa komai ba, jakin da ke riƙe su ta baya kuma ya ɗaga gindi sama. Na tambaye shi abin da ya ɗaura mata, ya zaro fakitin daga aljihu, an rubuta 11–48 a jikinsa. Wani mai shago ne ya gaya masa cewa mai kauri ta fi ƙarko kuma ta fi murya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ga yaron da yatsunsa ba su yi kanta ba, kuma ba ga jitar da aka saita tun daga masana'anta a kan tsirkiya siririya ba.

Lambobin da ke jikin fakiti kaurin tsirkiya suke nunawa, kuma da inci ake auna su ko a nan inda muka saba da mita. Idan an ce 9, ana nufin tsirkiyar da ta fi siranta tana da kaurin kashi 9 cikin dubu na inci, wato kusan milimita 0.23, lamba ta biyu kuma ta wadda ta fi kauri ce. Jita tana da tsirkiya shida, waɗanda mu a Kamaru da Cadi muke kira Mi, La, Re, Sol, Si, Mi daga mai kauri zuwa siririya, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma suna rubuta su E, A, D, G, B, E. Fakitin 9–42 yana ɗauke da 9, 11, 16, 24, 32 da 42, shi ne wanda kamfanin Ernie Ball yake kira Super Slinky a cikin leda mai ruwan hoda, D'Addario kuma yake kira EXL120. Fakitin 10–46 yana ɗauke da 10, 13, 17, 26, 36 da 46, wato Regular Slinky ko EXL110. Tsakanin waɗannan biyu ne zaɓin mai koyo yake, domin 8 ta yi sirantar da saurin tsinkewarta zai gajiyar da aljihunsa, 11 kuwa mun riga mun ga abin da ta yi wa yaron nan.

A ido bambancin 9 da 10 bai kai kaurin gashin kai ba, amma a hannu ba ƙarami ba ne. Tsirkiya mai kauri tana bukatar a ja ta sosai kafin ta kai sautin da ake so, saboda haka idan aka saita fakitin 9–42 a jita irin Stratocaster ta kamfanin Fender, jan da tsirkiyoyin shida suke yi wa wuya yana kai wa wajen kilo 38, na 10–46 wajen kilo 46, na 11 kuma ya haura kilo 50. Wannan ƙarin kilo takwas ɗin da ke tsakanin 9 da 10 yatsun hannun hagu ne suke biyansa. Duk wanda ya taɓa koyon kama Fa, inda ake shimfiɗa manuniya a kan tsirkiyoyi shida gaba ɗaya a gindin wuya, ya san cewa a nan ne yawancin masu koyo suke karaya, kuma na sha ganin wanda ya yi mako biyu yana fama da ita a kan 10 ya same ta cikin kwana uku da aka mayar masa da 9. Haka nan tura tsirkiya sama domin sauti ya yi kuka, abin da kowane yaro yake ɗokin iyawa, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan 9.

Ita ma 10 tana da hujjojinta, kuma ba zan rage mata ko ɗaya ba. Mai koyo yakan danna da ƙarfin da ya wuce kima, ita kuwa 9 saboda laushinta sai ta lotsa tsakanin ƙarafan da aka gitta a jikin wuya, sautin ya ɗan haura, mutum ya yi ta zargin kunnensa ko manhajar saita sauti ta salularsa alhali hannunsa ne. A kan 10 wannan yana raguwa. Tana kuma jure dukan mai kiɗan rakiya, wanda aikinsa a wurin biki shi ne ya yi ta sharar tsirkiyoyi shida daga bayan isha'i har dare ya raba, kuma siririyarta ba ta saurin tsinkewa kamar ta 9, abin da ba a raina shi a garin da sai an yi tafiya kafin a sami madadi. Wanda ya fara da jitar katako marar lantarki, wadda tsirkiyarta kan fara daga 11 ko 12, yatsunsa sun riga sun yi kanta, 9 za ta zame masa kamar zare, don haka 10 ce tasa.

Batun murya ne aka fi cika baki a kansa. Gaskiya ne mai kauri tana ɗan fi cika, amma a jita mai lantarki ba katako ne yake ɗaga murya ba, maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya ne yake ɗaukar girgizarta ya miƙa wa amfilifaya, kuma ɗan juya maɓalli ɗaya a jikin amfilifaya ya fi duk bambancin da ke tsakanin 9 da 10. Marigayi Stevie Ray Vaughan, makaɗin jita na Amurka, ya yi suna da tsirkiyar 13, amma yana sassauta jitarsa ƙasa da sautin da aka saba, Billy Gibbons na ƙungiyar ZZ Top kuma yana kaɗa 7 ko 8, babu kuma wanda ya taɓa cewa muryar jitarsa ta yi ƙanƙanta. Mai koyo da ke kaɗawa ta ɗan ƙaramin amfilifaya a ɗakinsa ba zai ji wannan bambanci ba, amma zai ji zafin yatsa.

Akwai abin da ya kamata a auna kafin a yanke hukunci, kuma tef ɗin tela ya isa. A auna daga ɗan matashin da tsirkiyoyi suke hawa a kan wuya zuwa ƙarfe na 12, sannan a ninka biyu. Idan an sami wajen santimita 64.8, jitar a kan tsarin Fender take, wanda ita ma Stratocaster ta zo da shi a 1954 kuma yawancin jitocin da ake kawo mana daga Sin suke kwaikwayo. Idan an sami wajen 62.8, a kan tsarin Gibson Les Paul take. Gajeren wuya yana sassauta tsirkiya, saboda haka 10 a kan mai siffar Les Paul ba ta da taurin da take da shi a kan mai siffar Stratocaster. Wannan ne ma ya sa jitocin Squier masu tsarin Fender galibi suke fitowa da 9–42, na Epiphone masu tsarin Gibson kuma da 10–46. Shawarata ta farko ke nan: mai doguwar jita ya sayi 9–42, mai gajeriya ya sayi 10–46, wanda kuma yake son laushi a sama da nauyi a ƙasa akwai 9–46 idan ya dace da samunta.

Dalilin da ya sa nake nanata a bi abin da jita ta zo da shi shi ne, jita ma'auni ce. A cikin wuyanta akwai sandar ƙarfe da ke turjiya da jan tsirkiya, a bayan Stratocaster kuma akwai sifirin, galibi uku, da ke riƙe jaki. Da zarar an ƙara kauri, wuya ya lanƙwasa gaba, jaki ya tashi, tsirkiya ta yi nesa da yatsa, ramukan ɗan matashi kuma su matse ta har a riƙa jin "ƙis" idan ana saitawa. Duk wannan yana gyaruwa, amma gyara ne da ke bukatar wanda ya san hannunsa, kuma ban yarda mai koyo ya sa makulli a sandar wuya ba sai da wani gwani a gefensa, domin karyewarta asarar jita ce. Yanayinmu ma kaɗai ya isa ya motsa katako: a hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska tana busar da wuya har bakin ƙarafan su riƙa kartar hannu, a damina kuma laimar da ke tasowa daga kogin Binuwai tana kumbura shi. Bai kamata mutum ya ƙara wa jita wani nauyin a kan wannan ba.

Bayan kauri sai irin ƙarfen. A nan akwai abin da masu sayarwa da yawa ba su sani ba, kuma shi ne ya fi shafar mu. A fakitin jita mai lantarki, tsirkiyoyi uku masu kauri ne kawai aka naɗe da wani ƙarfe a kan zuciyarsu, ukun sirara kuwa ƙarfe ne tsura, kusan iri ɗaya a kowane fakiti. Saboda haka idan an rubuta nikel ko ƙarfen da ba ya tsatsa, naɗin waɗancan ukun ake nufi. Wanda ya ƙara kuɗi ya sayi marar tsatsa yana zaton ya rabu da zufar watan Maris zai tarar Mi, Si da Sol sun yi baƙi a lokacin da suka saba. Ƙarfe mai rufin nikel shi ne tsaka-tsaki, shi ne mafi yawa a kasuwa, muryarsa tana da haske ba tare da kaifi ba, kuma shi nake ba mai koyo. Nikel zalla ya fi taushin murya, irin ta tsofaffin faya-fayai, ya kuma fi tsada. Marar tsatsa yana da kaifin murya da kaushi a yatsa, kuma saboda taurinsa yakan ci ƙarafan wuyan jita mai araha, waɗanda dama ba su da ƙwari. Akwai kuma masu naɗi sumul da masu kiɗan jaz suke so, amma suna da tauri da tsada, ba a nan ake farawa ba.

Kuskuren da na fi gani daga Marwa har Kusiri shi ne ɗaura tsirkiyar jitar katako a kan mai lantarki, domin ita ce ta fi samuwa. Ana gane ta da launin tagulla. Maganaɗisu ba ya jan tagulla, sai zuciyar ƙarfen da ke ciki kawai yake ji, sai a tarar sirara biyun suna tsawa sauran huɗun suna raɗa, ga kuma kaurin da ya wuce abin da wuyan zai ɗauka. Ta roba kuwa, wadda ake sa wa jitar gargajiyar Turai, ko kaɗan ba za ta yi magana ba. Wayar birkin keke tana fitar da mutum kunya a daren da Mi ta tsinke babu madadi, kuma Mdou Moctar na Nijar da irinta ya haɗa jitarsa ta farko, amma ba ta da kauri daidai, ba ta zama a sauti, tana kuma yanka yatsa.

Sai tambayar da ta fi wuyar amsawa a ƙasarmu: a sayi mai rufin leda ko marar rufi? Kamfanin Elixir ne ya yi suna da wannan tun 1997, inda ake lulluɓe tsirkiya mai naɗi da wata siririyar fata da ke hana zufa da datti shiga tsakanin naɗin, D'Addario ma yana da nasa. Ga wanda ke Njamena ko Garwa hujjar tana da ƙarfi, domin ƙurar hunturu tana haɗuwa da maiƙon hannu ta cushe naɗin, muryar ta mutu tun tsirkiya ba ta tsufa ba. Masu rufi suna daɗewa ƙwarai, amma kuɗinsu yakan ninka na marasa rufi sau biyu ko fiye, suna da santsin da wasu ba sa so, kuma rufin ba ya hana tsinkewa. Mai koyo kuwa ba mutuwar murya ce ke cinye masa tsirkiya ba, tsinkewa ce: ya murɗa kunnen da ba shi ba, ya wuce sauti, siririyar ta ce "tas". Idan hakan ta faru da fakiti mai tsada, ya yi asara babba. Don haka ni a ganina kuɗin fakiti ɗaya mai rufi gara a sayi biyu marasa rufi da shi, a ajiye ɗaya. Wanda zan ce ya sayi mai rufi shi ne mai hannun da ke zubar da gumi har tsirkiya ta yi tsatsa cikin mako ɗaya, ko wanda yake zaune nesa da gari, ya riga ya iya saitawa, kuma ba ya samun mai zuwa Duwala ko Yawunde sai jefi-jefi.

Abin da ya fi rufin leda arha shi ne tsumma. A wanke hannu a busar kafin a taɓa jita, idan an gama kuma a zura busasshen ƙyallen atamfa ƙarƙashin kowace tsirkiya a ja daga jaki zuwa kai, sannan a mayar da ita cikin jaka maimakon a rataye ta a bango. Baƙin layin da zai fito a jikin ƙyallen a ranar farko ya isa ya sa mutum ya riƙe wannan ɗabi'a. Kada a shafa mata man gyaɗa ko baƙin mai, domin ƙura suke kamawa.

Kayan da ke iso mana sun yi doguwar tafiya, ko ta jirgin ƙasa zuwa Ngawundare sannan mota, ko ta Yola da Mubi, kuma jabu yana da yawa. A duba ledar ciki ko a rufe take ruf, a ɗaga sirara a haske a ga ko akwai ɗigon tsatsa, domin fakitin da ya shekara a cikin gilashin shago yana shan rana ya riga ya tsufa tun ba a buɗe shi ba. D'Addario yana rina 'yan ƙwallayen da ke gindin tsirkiyoyinsa launi shida daban-daban, daga ruwan tagulla a mafi kauri, sai ja, baƙi, kore, shunayya, zuwa ruwan azurfa a siririya, wanda hakan yana taimakon mai koyo kada ya rikita su, ko da yake masu jabu ma sun iya kwaikwayon launi. Idan kuɗin ya yi arhar da ta ba ka mamaki, to ba ta asali ba ce. Fakiti marar suna da bai yi ƙarya ba ya fi mini mai babban suna na jabu, kuma idan ana sayar da siririyar Mi ɗai-ɗai, a ƙara biyu.

Ɗaurawar kanta ba ta da wuya idan an bi ta a hankali, kuma filaya mai yanka da manhajar saita sauti a salula sun wadatar. A canza ɗaya bayan ɗaya, kada a kwance shida gaba ɗaya, domin a Stratocaster sifirin za su janye jaki, a Les Paul kuma jakin da maƙalar bayansa jan tsirkiya ne kaɗai ke riƙe su, suna iya faɗowa su karce jiki ko su ɓata tsayin da aka saita. A sassauta tsohuwar sosai kafin a yanke ta, a kuma kawar da fuska, domin tsirkiyar da aka yanke tana ɗaure tana iya samun ido. Sabuwar tana shiga ta bayan jita a Stratocaster, ta maƙalar baya a Les Paul, a ja ta har ƙwallon ya zauna daram. A zura ta a ramin kunnenta, a miƙe ta, sannan a mayar da ita baya kamar santimita huɗu zuwa biyar domin a sami abin naɗewa, a lanƙwasa bakin, a fara murɗawa ana riƙe da ita da ɗaya hannun. Kowane zagaye ya sauka ƙarƙashin wanda ya gabace shi ba tare da hawa kan juna ba: biyu zuwa uku sun isa ga masu kauri, huɗu zuwa biyar ga sirara. Tulin naɗi da wasu suke yi don kada su yanke ragowar shi ne babban abin da ke hana jita zama a sauti. A jitar da kunnuwanta suke uku-uku, tsirkiya tana bi ta cikin kai ne, ba ta waje ba.

Kafin tsirkiya ta zauna a ramin ɗan matashi, a goga bakin fensir a ciki, baƙinsa yana sa ta zame ba ta maƙale ba. Idan ta kai sauti, a kama ta a tsakiya a ɗan ja ta sama a hankali, za a ji ta sauka, a sake saitawa, a maimaita sau uku ko huɗu har ta daina sauka. Kullum daga ƙasa ake hawa zuwa sauti, idan an wuce a sassauta a sake hawowa. Daga nan sai a yanke ragowar kusa da kunne. Gwaji na ƙarshe shi ne a kaɗa tsirkiya a sake, sannan a danna ta a ƙarfe na 12, manhajar ta nuna suna ɗaya. Idan dannannen ya haura, sai a ja ɗan sirdin da wannan tsirkiya take hawa a kan jaki baya da sukundireba, idan ya gaza a matso da shi gaba. Wanda bai canza kauri ba da wuya ya bukaci wannan.

A ranar na cire wa yaron 11 ɗin na ɗaura masa 9–42 mai rufin nikel, na sa shi ya ɗaura uku na ƙarshe da hannunsa ina kallo, ya kuwa naɗe Si a baibai sai da muka kwance muka sake. Kafin mu gama jakin ya kwanta a mazauninsa, wuyan kuma na bar shi kwana biyu ya huce kafin in duba ko yana bukatar makulli, bai bukata ba. Fakitin 11 ɗin na nannaɗe shi na ajiye wa wani abokina mai Les Paul da ke sassauta jitarsa ƙasa. Da yaron ya dawo ranar Asabar ya zauna a bakin tabarma ya kama Fa, tsirkiya biyar suka fita sarai, Si ce kawai take ɗan shaƙewa, na gyara masa zaman babban yatsa a bayan wuya na ce ya sake.